Hutun da Yayana Ya Ba Mama

Mama ta haura saba'in tana noman accarta da kanta a bayan gidanmu na Bukuru. Ranar Lahadi da ƙafa take zuwa coci, ta dawo ta dafa gwate, ta yi wa duk wanda ya makara faɗa. Sai wata safiya santsi ya kwashe ta a banɗaki. Ba ta karye ba, gwiwa kawai ta ƙuje.

Wata nas ta zumuntar matan cocinmu, wadda ke zagaya gidajen tsofaffi, ta zo ta duba ta. Abin da ta nema bai taka kara ya karya ba: a kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, a sa kujerar wanka, a kankare gansakuka, a bar Mama ta ci gaba da harkokinta. Ta ce, "Ƙafar tsoho in ta zauna, ba ta sake tashi."

Yayana ya yi tsalle ya dire. "Muna aikin gwamnati, a ce uwarmu na riƙe da fartanya? Me mutanen coci za su ce? Mama, kin gama wahala, hutu za ki yi."

Mama ta ce, "Ni na ce maka na gaji?" Bai ko saurare ta ba.

Ya ɗauke ta zuwa gidansa na Daɗin Kowa, ya ba ta ɗaki a saman bene, ga talabijin ga bargo mai laushi. In ta ɗauki tsintsiya a fizge. Ruwan sha ma kawo mata ake yi. Baƙi su zo suna sa masa albarka, shi kuma yana washe baki. Na yi magana har bakina ya gaji, aka ce hassada nake yi. Har yau in na tuna, zuciyata tafasa take yi. Wai wannan ne girmama uwa.

Kafin accarta ta nuna, matar da ke hawa duwatsu neman itace ta kasa saukowa daga bene. Da damina ta zagayo, banɗaki ma sai an ɗauke ta. Ranar farko da aka yi mata haka, ta ƙi cin abinci don kunya.

Da ta mirgino daga gado, nan take yayana ya kira mai walda, aka kafa ƙarfe a gefen gadon don kada ta sake faɗowa. Mama ta daɗe tana shafa shi, sannan ta dubi ɗanta.

Ta ce, "Ashe dai ana samun ƙarfen. Na banɗaki ne ya gagare ka."