Makullan Malam Sauro

Ɗalibai ne suka laƙaba masa Malam Sauro, bai kuwa taɓa jin haushi ba. Ƙuruciyarsa duk a wani ɗan ɗakin bincike na jami'a ta ƙare, yana kiwon sauro a kejin raga, yana neman abin da ya sa maganin feshi ya daina kashe su. Da yaƙi ya hana kawo jinin da ake ba su, sai ya koma zura hannunsa su sha. Matarsa takan ce ba ta taɓa ganin mai ciyar da maƙiyansa da jikinsa ba sai shi.

A sashensu na jami'a an daina ban kwana, don ba ka san kunnen da zai kai maganarka wurin masu bindiga ba. Mai shirin guduwa sai ya leƙo ya ce, "Malam, zan je taro, ajiye mini makullina." Kowa ya san taron nan ba a dawowa. Aljihun Malam ya yi nauyi, in yana tafiya a baranda ƙarar makullan kawai yake ji. Ko sakamakon bincikensa ma ya rasa abokin da zai duba masa.

Ranar da bam ya faɗa bayan makarantar 'yarsu, yarinyar ta dawo ba ta magana, sai rawar jiki.

"Baban yara," in ji matarsa, "gobe mota za ta fita. Ko da kai, ko ba kai."

"To sauron fa?" in ji shi.

"Su ka haifa?"

Barin kejin ma tsoro yake ba shi: in bam ya tsaga bango, sauron da ba ya jin magani zai bazu cikin unguwa. Washegari da hantsi ya fito da kejin cikin rana, ya lulluɓe shi da baƙar leda don zafi ya kashe su, ya tsaya hannunsa na ƙaiƙayi har kukansu ya ɗauke. Aikin rayuwarsa ke nan, kuma ya yi hawaye.

Ya kulle ɗakin, ya bi baranda yana ƙwanƙwasa ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, amma babu wanda ya saura. Can wajen gari ana ta harbi.

Da ya koma gida matarsa na ɗaure kaya. Ta ji ƙarar aljihunsa, ta ɗago.

"Ba ka bar wa kowa makullin ba?"

"Wa zan ce wa zan je taro?" in ji shi.