Kawuna da Kwamfutar da Ke Ɗaukewa Ana Tsaka da Tsere

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, Allah Ya karɓi ran Kawuna, ƙanin mahaifiyata, bayan gajeriyar jinya ta ciwon zuciya. Ƙanwata ce ta shigo mini da labarin, ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu. Tun kafin ta yi magana na gane.

Kawu, masu zuwa gaisuwa sun yi ta faɗin alherinka. Waɗanda ke zuwa kantin maganinka sun ce ba ka taɓa miƙa wa mutum ƙwaya ba sai ka zaunar da shi ka yi masa bayanin yadda zai sha. Ni kuwa duk sanda na ɗauko nawa labarin sai in ji muryata ta ɗaga, ina dariya a gidan makoki, har Inna, mahaifiyata, ta harare ni. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Shekarar da mota ta kaɗe ni ina dawowa daga makarantar da nake koyarwa, ƙashin bayana ya taɓu. Na fito asibiti a keken guragu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba na jin komai. Na daina magana, na daina fita falo. Masu duba ni sukan zo su yi jugum su tafi. Kai ne ka shigo wata rana kana nishi, rungume da kwamfutar da ka haɗa da hannunka guntu-guntu, wadda ko 'ya'yanka ba ka bari su taɓa. Ka ajiye ta ƙarƙashin tebur, ka ɗora allon a sama, ka danƙa mini abin sarrafa wasa. Uwata kake kirana, don sunan mahaifiyarka aka sa mini.

"Uwata, ƙafa ce ta tafi hutu, hannu yana nan," ka ce. "Ga mota, tuƙa."

Wasan tseren motoci ne. Na fara don kada in watsa maka ƙasa a ido, sai ga shi ya shiga jinina. Na haɗu da wasu mutum uku ta intanet, ban taɓa ganin fuskarsu ba, muka zama ƙungiya. Babu wanda ya san a keke nake, abin da suka sani kawai na iya shan kwana. Na koma cin abinci, na koma yi wa ƙanwata tsiya. Har muka samu gurbi a wata gasa.

Ana haka kwamfuta ta ɓullo da hali. Ina tsaka da tsere, allo ya yi baƙi ƙirin, fanka ta yi shiru, sai ta sake tashi da kanta kamar ba ita ba. Wata rana sau ɗaya, wata rana ta wuni lafiya, wata rana ta hana ni gama ko zagaye guda. Na kira ka ina kuka, sai na ji kana murna a waya.

"Madalla! Mun samu farauta. Kada ki taɓa komai, ga ni nan."

Kawu, ban taɓa ganin mutumin da matsala ke sa wa nishaɗi irinka ba. Kana rufe kanti sai gidanmu, ko riga ba ka canzawa. Da farko zafi ka zarga. Ka buɗe cikinta ka hure ƙura har kana atishawa, ka shafa sabon man sanyaya, ka ƙara mata fanka. Ta ɗauke. Ka ce to manhajar katin hoto ce, wato katin da ke fitar da hoto a allo, ka goge ta ka sa sabuwa, ka koma tsohuwa. Ta ɗauke. Ka zare sandunan ram, ma'ajiyar bayananta, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya, duk lafiyarsu ƙalau. Ka koma kan wutar gidan, ka kafa dokar kada wanda ya jona dutsen guga in ina wasa, har Inna ta ce, "Kai da 'yar taka sai ku saya mini gawayi." Daga ƙarshe ka canza akwatin da ke raba wuta a cikinta ɗungurungum. Ranar har rawa ka taka, ka ce an gama. Washegari ta ɗauke.

Abin da ya fi ɗaure maka kai shi ne, in kai ka zauna kana wasa ba ta taɓa yi. Ka ɗauke ta ka kai gidanka, ka wahalar da ita iya son ranka, ko gezau. Ka dawo da ita kana cewa, "Ni tana jin kunyata, ke ce ta raina." Na ce ai kai ba tsere kake ba, bango kake bi kana gaisawa da shi.

Gasa na matsowa, abokan wasana suka faɗa mini cikin ladabi cewa in abin bai gyaru ba za su nemi wani. Ban ga laifinsu ba, amma na ji kamar ƙofar da ta buɗe ce za a sake rufewa. Na ce ka zo ka ɗauki kayanka, na haƙura. Ka ce in ba ka Asabar ɗaya.

Ka zo da la'asar, ba ka ɗauko ko sukudireba ba. Ka danne birkin kekena, ka zauna dirshan a ƙasa da farar rigarka ta kanti, ka juya wa allon baya. Ka ce ka gaji da kallon abin da kwamfuta ke nunawa, yau ita kanta za ka zuba wa ido. Na fara tsere. Na wuce mota ta uku, na wuce ta biyu, na matse ta gaba a kwanar ƙarshe. Sai baƙi.

Ihun da ka yi sai da ya firgita ni.

"Sake! Uwata, sake!"

"Me ka gani?"

"Ke dai sake! Yaya! Yaya, bar tukunyar nan ki zo!"

Inna ta shigo da gudu, hannunta duk kumfa. Ka jawo ta ƙasa kusa da kai, kana nuna mata ƙarƙashin tebur. Na sake shiga tsere ban san me ake ciki ba. Da na zo wuce wata mota, allon ya ɗauke, Inna ta ƙwalla salati ta fashe da kuka.

Ƙafata ce. Ƙafar dama, wadda aka ce sai dai haƙuri. Duk sanda tsere ya yi zafi jikina ya ɗauka, sai ta zabura daga matakin keken ta harbi gefen kwamfutar, ni ko ji ba na yi. A ciki kuma akwai wayar da ke kai wa katin hoto wuta, maƙallinta ya karye, ɗan girgiza kaɗan sai ta saki. Kana riƙe da tafin ƙafata da hannu biyu, kana dariya hawaye na bin gemunka, kana cewa, "Ga ɓarauniyar! Ashe a gida take!" Ƙanwata ta shigo, maƙwabciya ta leƙo ta ɗauka gobara ce. Sai da kowa ya natsu aka tuna da wayar.

Likita bai yi rawar kai irin tamu ba. Ya ce jijiya kan zabura haka nan ba tare da wata ma'ana ba, kada mu ɗora buri. Kai ka nace a sake gwaji, kuma gwajin ya nuna akwai ɗan saƙon da ke ratsawa. Aka mayar da ni gashin ƙashi. Kai ke kai ni, kai ke tsayawa a bayan ma'aikaciyar da ke yi mini gashin kana kirari kamar a filin ƙwallo, har ta taɓa korar ka waje. Wayar kuwa ka canza ta, amma ka ƙi ɗauke kwamfutar daga ƙasa. Ka ɗaura mata matashi a gefe, ka ce in yi ta harbi.

Gasar ba mu ci ba, na huɗu muka zo. Ka yi ta shela a kanti kamar kofin duniya na ɗauko, har masu sayen magani suna aiko mini da barka.

Yau ina takawa da sanduna biyu. Ba nisa, kuma ba kullum ba. Ranar da aka fito da kai za a kai ka makwanci, ƙanwata ta turo mini keke na ce ta mayar. Na tsaya a ƙofar gidanka da ƙafafuna, suna rawa, gumi na zuba, ban zauna ba sai da aka sha kwana da kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, wadda ta yi ta ajiye maka abinci yana hucewa kana gidanmu, ba ta taɓa nuna mini a fuska ba. Ina yi wa 'ya'yanka, ƙannena, da ma'aikatan kantinka, da Inna, wadda ta goya ka kana jariri ga shi ta ga tafiyarka. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Ya Allah, Ka gafarta wa Kawu kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya yi ya zama kankarar zunubi. Ka shirya masa zuri'arsa, Ka tsaya musu. Bawan nan naKa ya sami mai baƙin ciki ya faranta mata, Ya Allah Ka faranta masa ranar da zai tsaya a gabanKa. Amin.