Kazar da ba ta san kwanci ba

Kajina guda tara ne a lokacin, kuma dukkansu jikokin kaza ɗaya ne, wata wake-wake da mahaifiyata ta ba ni daga Utai shekarar da na tare a Wudil. Bayan rasuwarta 'yan'uwa suka raba kwanuka da zannuwa. Ni ban nemi komai ba, don nawa gadon yana tsakar gida yana tonon ƙasa.

Ƙanin mijina ne ya jawo mini. Ma'aikaci ne a wani ofis, irin mutanen nan da in sun kalli abu sau biyu a waya sun zama malamansa. Ran wata Juma'a ya shigo daga kasuwa da ƙatuwar kazar gidan gona, ja, an datse mata baki, tana haki kamar wadda ta yi dakan gero.

"Matar Yaya, ga kaza ta gaske. A haɗa ta da waɗannan tsirarun naki, ko gidan ya ga ci gaba."

Na ce masa to, amma baƙuwar kaza ba a sakinta. Kife ta ake yi da kwando a bayan ɗaki kwana bakwai, ana ba ta ruwan sassaƙen maɗaci, a ga ko ta kwaso wani abu a kasuwa.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba matar Yaya! Wannan an yi mata allura tun tana tsako. Ku dai mutanen Utai da camfi."

Na kife ta duk da haka. Ina shiga madafi ya ɗage kwandon, wai zalunci ne. Mutumin da bai taɓa share kashin kaza ba, shi ne yau mai tausayin kaji.

Nawa suka yi mata caa, ita kuwa ko ramawa ba ta iya ba. Ta tsaya a tsakiyarsu sakato, ba ta tono, ba ta gudun shaho, sai dai a zuba ta ci. Ta tsoma bakin nan nata a kaskon ruwansu, na gani da idona.

Kwana na biyar zakarana ya fara gyangyaɗi da rana tsaka. Sai farin kashi. Na jiƙa maɗaci, na daka barkono, maigida ya sayo magani, duk a banza. Kullum da safe sai na ciro gawa daga akurki. Ta ƙarshe tana kan ƙwai bakwai ta mutu, na ɗaga ta ƙwan da sauran ɗuminsu. Ita kuwa jar ko atishawa ba ta yi ba.

Na zaga maƙwabta da ƙwan a cikin ƙwarya. Ba wadda ta yarda ta sa wa kazarta ƙwan gidan da cuta ta shiga, kuma ban ga laifinsu ba. Na dawo na kama jar, na ɗora ta a kai, na danne ta da hannuna ina lallashinta kamar mutum. Ina saki ta miƙe, ta taka ɗaya ya fashe, ta nufi kwanon dusa. Ashe irinsu ba su san kwanci ba, inji ne ya ƙyanƙyashe su. A nan na zauna a bakin akurki na yi kukan da ban yi ba ranar rabon kwanuka.

Juma'ar da ta zagayo na sa maigida ya yanka ta. Ƙanin nasa ya zo, ya ci tuwo ya suɗe hannu, sannan ya leƙa tsakar gida.

"Kin ga tawa ita kaɗai ta tsira ko? Ina take ne?"

Na ce, "Cinyarta ce ka gama tauna."

Ya ɓata rai, wai ai da na bari ta yi mini iri. Na kwashe kwanukan, na ɗauki ƙwan nan shida da suka yi sanyi, na kai su bayan ɗaki na binne.