Kujerar Bakin Taga

Jiya a kasuwar Bakura wani dattijo, Sahabi, tsohon direban aikin dam ɗin Bakolori, ya riƙe hannuna ya ce, "Babanka ubana ne." Nan take tsohon kishina ya motsa.

A lokacin, Baba ke kula da ɗakin karatun Mafara. Kujera ɗaya ce a bakin taga, inda iska ke kaɗo ƙamshin tsohuwar takarda. Wata rana ina yaro, na tarar da Sahabi a kanta, takalmansa duk laka. Na dubi Baba.

Ya ce, "Ya riga ka. Nan ba ni da ɗa, kowa nawa ne."

Allah ya jiƙanka, Baba, ya ba ka Aljanna. Can dai ka ajiye mani gefenka, ko Sahabi ya riga ni.