Mai Neman Akwatin Kai Magana

A wani kantin rediyo a Funtuwa, dattijon manomi na tsaye, ɓurɓushin auduga a gemu, muryarsa a dushe. Da gani a ƙafa ya taso daga Mahuta. Ya kara kunne jikin ƙaramin akwati, Landan na magana.

"Ɗan mitsitsin nan ke jawo murya daga bangon duniya?"

"Ƙwarai, Baba," in ji mai kanti.

"To ba ni mai kaiwa. Ko mara ƙarfi ne, ya dai isa bakin daga. Ɗana Labo na soja, tun bara shiru."

"Ai ji kawai ake yi, Baba."

Dattijon ya jinjina kai. Duk da haka ya sunkuya, baki daf da akwatin.

"Labo, uwarka ta ji sauƙi."