Malam Halilu Ba Ya Katse Makaɗi

Malam Halilu mutumin Gusau ne, ya shekara ashirin yana aiki a gidan rediyo a Washington. Tun yana saurayi wani malaminsa ya ba shi kaset ɗin wasu Turawa masu gashi har kafaɗa, waɗanda waƙarsu ɗaya kan ci minti ashirin. Har yau bai warke ba.

Wata safiya ya rage wa Mu'awiya, sabon abokin aikinsa, hanya daga garin Bowie, inda suke zaune. Ko gaisuwa ba su gama ba ya kunna abinsa.

"Saurari mai gangar nan," in ji Halilu. "Bugu bakwai yake yi, mai jita yana biyar, kuma sai sun haɗu."

"Malam, yaushe za a fara waƙar?"

"Ai mun kai rabi."

Suka iso wurin aiki, mai sarewa bai gama ba. Halilu ya ƙi kashe mota.

"Ba a katse makaɗi," ya ce.

"Amma jiya ka yanke hirar wani minista, daga awa guda ka bar daƙiƙa arba'in."

Halilu ya ƙara wa kaset ɗin murya kaɗan. "Shi maimaici yake ta yi. Waɗannan kuwa ba su maimaita komai ba."

Washegari Mu'awiya ya hau jirgin ƙasa zuwa wurin aiki.