Minti Ɗayan Hajiya Kubura

Wata rana aka tara matan ƙungiyoyin sana'a a farfajiyar wata Islamiyya, wai za a koya musu yadda ake aiki tare.

Cikinsu akwai wata baiwar Allah, mu kira ta Hajiya Kubura, shugabar masu ƙuli-ƙuli na unguwarsu.

Su goma sha biyu suka fara. Yanzu saura su shida.

Ga Tasalla, wadda ta fi kowa iya matsar mai, ta ce daga wannan makon ta bar zuwa. In ta tafi, ƙungiya ta watse ke nan. Hajiya ta rasa laifin da ta yi musu.

Ta zo da littafi da biro tana jiran lacca. Sai mai koyarwar, Malama Hansatu, ta zazzage buhun goruba a kan tabarma, ta ce wasa za a yi.

Hajiya ta taɓe baki. Wasa, ita mai jikoki?

Dokar ba wuya. Kowace goruba sai ta bi ta hannun kowa kafin ta faɗa kwando. Minti biyu ana yi, a tsaya a ƙirga. Sai minti ɗaya na shawara, a gyara, a sake.

Hajiya ta jera matanta sahu guda, ta tsaya a gaba tana miƙa goruba ɗai-ɗai.

Zagayen farko: tara. Masu sabulu da ke gefensu, takwas.

Aka ba da mintin shawara.

"Ku dai ku ƙara sauri! Ke Tasalla, ko ba ki karya ba ne?"

"Hajiya, da mun..."

"Bari in gama."

Ba ta gama ba aka buga murfin tukunya, lokaci ya cika.

Zagaye na biyu: tara. Masu sabulu, goma sha bakwai. Sun bar tsayuwa, sun zauna gwiwa da gwiwa suna ta dariya.

Na uku: goma. Masu sabulu, ashirin da shida.

Malama Hansatu ta matso, ta rage murya.

"Hajiya, a shawarar da kuka yi, muryar wa kika ji?"



Tasalla, kanta a ƙasa, tana murza bakin hijabinta, ta ce: "Malama, ai mu shekara shida ke nan muna zagayen farko."

Ba wadda ta yi dariya.

Da ma sun yi, da ya fi mata sauƙi.

Hajiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tuna ranar da Tasalla ta ce a soya ƙuli guda a ɗanɗana kafin a zuba sauran. Ita kuwa Hajiya ta ce mata, "Tun ba a haife ki ba nake wannan sana'a." Ranar tiya goma ta gyaɗa ta tashi a banza, gishiri kamar me. Kuma su ta yi wa faɗa.

Ta tuna mata shidan da suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowacce da "Hajiya, da mun..." a bakinta ta tafi.

Aka ba da minti na ƙarshe.

Hajiya ta sa bakin mayafi ta rufe bakinta. Bai taɓa yi mata tsawo haka ba, minti ɗaya.

Tasalla ta ce a zauna. Wata ta ce a jawo kwando tsakiya.

Zagaye na huɗu: ashirin da huɗu.

Ba su kamo masu sabulu ba. Hajiya ma ba ta iya ɗaga ido ta kalli kowa ba har aka tashi.

Washegari da hantsi, mai ya yi zafi a kasko, ta jefa ƙuli guda ɗaya tak. Ta tsame, ta hura, ta miƙa wa Tasalla, wadda ta zo ɗaukar turminta ta yi sallama.

"Ɗanɗana, ki faɗa mini tsakaninki da Allah."

Tasalla ta tauna.

"Gishiri ya ɗan yi yawa, Hajiya."

"To, ya za mu yi?"

Tasalla ta dube ta. Ta dubi turmin.

Sai ta ajiye shi, ta naɗe hannun riga.

Darasi: Kada ki zuba duka a kasko, soya guda ki ɗanɗana. In lokacin shawara ya zo kuma, kunne ake kawowa, ba baki kaɗai ba. Wanda ake yi wa wahayi ma, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an umarce shi da yin shawara. Balle ni da ke.

Ki tura wa wadda kuke aiki tare. Amma kafin ki tura, 'yar'uwa, ki tambayi kanki: wa na katse jiya?